Gogo Turai Mai Kitso da Ranar Sadakar Ukunta

Ranar Alhamis, huɗu ga watan Agusta, 1983, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gogo Turai mai kitso a ɗakinta da ke Dutsin-Ma, bayan gajeriyar jinyar ciwon haƙarƙari. Shi Ya ba mu ita, wurinSa ta koma, kuma can za mu same ta. An kai ta makwancinta bayan azahar, ana yayyafi.

Sunana Sa'adiya, ɗalibar aji huɗu a sakandaren 'yan mata. Gogo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauko ni daga Kurfi tun daga yaye, ta riƙe ni tare da ɗanta, Yaya Hudu. Ban iya magana cikin taro ba, ko a aji sai an kira sunana nake ɗaga kai. A wurin zaman makoki na ji ana yabonta da bakunan da bai kamata su ambaci sunanta ba, na kasa cewa komai. Shi ya sa na rubuta wannan.

Gogo, ba ki taɓa shiga aji ba, amma ke kika tsaya sai da na shiga. Duk ranar da zan koma makaranta kina yi mini ƙananan kitso masu tauri, har sai fatar goshina ta ɗaure. In na yi ƙara ki ce, "Daure, 'yar nan. Wanga zai kai ki tsakiyar zango, ba sai kin roƙi kowa ba." Sannan ki cusa mini ƙuli-ƙuli da yaji a ƙasan akwati, ki juya baya da sauri don kada in ga idonki.

Babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ba da kitsonki a kanta ba. 'Yar mai hali da marainiya tabarma ɗaya kike shimfiɗa musu, man shanu ɗaya kike shafa musu. Lokacin da aka kawo Malama Kezia aikin jinya a asibitin garin nan, baƙuwa ce, Kirista, ba ta san kowa ba. Ta daɗe tana ɗaure kai da ɗankwali don ta rasa mai taɓa gashinta. Ke kika gan ta a bakin kasuwa kika ce, "Ke 'yar mutane, wannan kai naki yana neman taimako. Biyo ni." Tun daga ranar take kiranki Mama.

A zaɓen saba'in da tara, karon farko da matan wajenmu suka zaɓi shugaban ƙasa, Alhaji Labaran ne shugaban jam'iyyarku a unguwa. Da ƙafarsa ya zo gidanmu, ya tsuguna a zaure. Ina bayan ƙofa, na ji abin da ya ce: "Gogo, mu maza iyakarmu zaure. Ke ce ke shiga har ƙuryar ɗaki. In ba ki taimake mu ba, matan nan ba su san inda za su sa yatsa ba." Kika amsa masa. Kin san aikinki: macen da kanta ke bisa cinyarki ba ta da inda za ta je sai ta ji maganarki har ƙarshe. In kin gama kitson, sai ki kankaro baƙin tukunya ki kwaɓa da ɗan man gyaɗa, ki kama babban yatsanta ki dangwala a bayan ƙwarya, ki sake, ki sake, har ta daina jan yatsan tana ɓata wurin. Kuma kina gaya wa kowace ta riƙe katin zaɓenta da kanta, ta ƙulle a bakin zane, kada ta ba kowa ajiya. Ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo. Alhaji Labaran ya hau bayan mota yana kiranki uwar jam'iyya.

Sai bana, tun cikin rani, rediyo ya faɗi cewa ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarku mace ya ɗauka ta zama mataimakiyarsa, wata 'yar kudu. A gidan Alhaji Labaran kika ji, kina tsakiyar yi wa matarsa Rabi kitso. Rabi ta ba ni labari. Ta ce kin tsaya da tsinke a hannu kika ce, "Mi ya ce?" Da ta maimaita miki, kika saki kanta kika rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Ban taɓa ganin labarin da ya ratsa gidaje kamar wannan ba. Matan da ba ruwansu da siyasa suka fara tambaya. Tana da 'ya'ya? Mijinta ya yarda? Ta san zafin naƙuda a gidan da babu mota? Wata tsohuwa ta ce, "To ita wa ke yi mata kitso?" Kika ce, "In sun ci, ni zan tahi Legas in yi mata shuku, ta zauna gaban manyan duniya da shi." Aka yi ta dariya. Amma ba wasa kike ba. Kin ce ba ki san matar ba, ba ki jin yarensu, ba ki kuma yi wa kowa alkawarin za ta kawo rijiya ko asibiti ba. Abin da kika ce shi ne, tun da aka haife ki ba a taɓa nuna miki mace an ce ga wadda za ta zauna kusa da kujerar mulki ba, kuma kina son ki sa yatsanki a wurin kafin ki mutu.

Abin da ya faranta wa mata rai shi ya baƙanta wa wasu maza. Cikin makon nan Alhaji Labaran ya bar jam'iyyar ya koma wata. Wannan haƙƙinsa ne, ban ce komai a kai ba. Amma ya san matan unguwa alamar jam'iyyarki suka iya dangwalawa, ya kuma ga yadda suke murna. Sai ya tare ki a zauren gidansa, gaban 'yan majalisarsa.

Ya ce, "Gogo, kin yi tunani kuwa? In shugaban ya mutu, mace ce za ta hau kanmu. Kuma ba tamu ba."

Kika ce, "Alhaji, kai da hularka ma sai Rabi ta nemo maka kullum da safe? Ai ta daɗe da hawa."

Mutane suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Daga ranar ya bi maza ɗaya bayan ɗaya da magana biyu: bana babu macen da za ta fita zaɓe, kuma kada a ƙara barin Turai mai kitso ta wuce zaure. Suka ce kina ɓata tarbiyyar mata. Suka ce kin zama 'yar koren Kiristoci, ga shaida nan, Kezia ba ta fita daga gidanki. Mazan da kika yi wa iyayensu mata kitson suna, kika yi wa matansu na aure, su ne suka miƙe ƙafa a bakin ƙofa suka ce miki, "Ba su nan," alhali kina jin dakan matan daga ciki.

Da tsohon kitso matan unguwarmu suka yi Ƙaramar Sallar bana. Na dawo hutu na same ki zaune a tsakar gida ranar jajibere, ranar da a da ko abinci ba ki samun sukunin ci. Kin wanke tsinkenki, kin shimfiɗa tabarma, ba wadda ta shigo. Kika kira ni kika tsefe kaina kika sake kitsawa, ko da yake na jiya ne.

Ba ki zauna ba. Tunda an rufe miki gari, kika ɗauki ƙwaryarki kika nufi ƙauyuka, Dabawa yau, Shema gobe, wata rana har Kutawa, tsakiyar damina, da shekarunki. A hanyar dawowa daga Shema ruwa ya dake ki tun daga gonaki har gida. Kwana kaɗan numfashi ya fara yi miki wuya. Malama Kezia ta yi iyakar ƙoƙarinta, tana tashi daga aiki nan take wucewa. Na san ajali na Allah ne, ba wanda ke ƙara shi ko rage shi. Na yi imani da haka. Amma na kuma san waɗanda suka sa tsohuwa ta bar gidajen maƙwabtanta ta shiga ruwa, kuma ba zan yi kamar ban sani ba.

Alhaji Labaran, ina ba ka girman shekarunka, amma a sahun gaba na ji an ce ka tsaya wajen sallar gawarta. Ka aiko da buhun gero. Ka ɗaga murya a ƙofar gida, har muna ji daga ciki, kana cewa, "Mun yi rashin uwa. Ba ta da abokin faɗa." Tana da shi, Alhaji. Kai ne. Tana kwance tana tari ba ka aiko ko da sannu ba, gidanka kuwa ana hango shi daga namu. Waɗanda suka ce "ba su nan" su ma sun zo sun cika tabarmi suna girgiza kai. Ban ga kunya a fuskar ko ɗaya ba.

Washegari, Juma'a, Alhaji ya ja Yaya Hudu gefe. Ya lissafa ya ga sadakar uku ta faɗo ranar Asabar, ranar zaɓen shugaban ƙasa, kuma makarantar firamaren da aka ajiye akwatin zaɓen unguwarmu tana kallon ƙofar gidanmu. Ya ce a ɗaga sadakar zuwa Lahadi saboda hayaniya. Yaya Hudu mutum ne mai sanyi, bai taɓa musu da babba ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Uku dai uku ce."

Kowa ya san al'adar garin nan. Namiji na iya hana matarsa biki, ya hana ta suna, ya hana ta kasuwa, amma bai isa ya hana ta gaisuwar mutuwar maƙwabciya ba, balle wadda ya tsaya gaban jama'a ya kira uwa. Duk gidan da matansa ba su zo ba, sai an faɗi sunansa. Saboda haka ranar Asabar da safe ƙofofin da aka rufe miki, Gogo, suka buɗe. Mata suka yi ta shigowa har tsakar gida ya cika, wasu suka zauna a bakin murhu. Aka yi addu'a, aka raba gumba. Da mayafai suka zame na ga kawunansu, Gogo. Duk a tsefe ko a cukurkuɗe, ba mai kitson kirki ko ɗaya.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya, ni dai ban ji an shirya ba. Rabi ce ta fara miƙewa. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da katinta da ya yi laushi don daɗewa a ƙulle, ta ce, "Ni zan tsallaka makarantar nan in dawo." Tsohuwar nan mai tambayar kitso ta ce, "Kama ni, ƙafata ba ta da kyau." Sai na ga hannaye suna ta kwance bakin zane. Ba duka ba. Wasu sun ji tsoro sun nufi gida kai tsaye, kuma ban ga laifinsu ba, na san gidajen da za su koma. Amma waɗanda suka tsallaka titin sun fi yawa. Malama Kezia tana cikinsu, idonta jawur.

Shekaruna ba su kai na zaɓe ba, a bakin zaure na tsaya. Alhaji Labaran yana zaune ƙarƙashin darbejiyar makarantar, shi ne wakilin sabuwar jam'iyyarsa. Ya ga layin ya miƙe tsaye. Ya ga matarsa a gaba.

Ya ce, "Rabi! Gaisuwa na ce ki tahi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ita nake yi, Alhaji."

Ban san abin da kowace ta dangwala ba, tsakaninta da Allah ne. Jam'iyyarki ba ta ci ba, Gogo, ba za ki je Legas yin shuku ba. Ke da kika koya wa unguwa guda sa yatsa, naki yatsan bai kai ga takardar ba. Kuma abin bai tafi a banza ba: a yammacin ranar Alhaji ya ce wa Rabi ta tafi gidansu sai ya neme ta. Tana Kurfi har yanzu da nake wannan rubutu, 'ya'yanta suna nan. Wanda ya kira ki uwa ranar Alhamis, shi ya kori matarsa ranar Asabar don ta bi maganarki. Duk mai son sanin nauyin yabon da ya yi miki, ya auna shi da wannan.

Na je Kurfi na gan ta. Ba ta yi kuka ba. Ta cire ɗankwali ta ce, "'Yar Gogo, kin koyi wani abu a hannunta kuwa?" Na ce kaɗan. Ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata. Da tsinkenki na yi mata. Layukan sun karkace, na san da kin gani sai kin sa na tsefe.

Ya Allah Ka jiƙan Gogo Turai, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi fiye da yadda ta sanyaya zukatan marayu da baƙi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka mayar da Rabi ɗakinta cikin mutunci, ba tare da an sa ta ta ce ta yi laifi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Hudu da iyalinsa, da mahaifina da dukkan danginmu na Kurfi, da Malama Kezia, da matan Dutsin-Ma, Dabawa, Shema da Kutawa waɗanda suka taɓa ɗora kai a cinyarta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Waɗanda suka miƙe ƙafa a bakin ƙofa kuwa, ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su suka yi rashi ba. Allah Ya ji abin da suka ce mata tana tsaye a zaure, Ya kuma ji dakan da ake yi a ciki.