Yadda na binne uwar irin geron gidanmu

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye cikin gundumar Agye, ƙauyen da aka haife ni, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na yi nisa a boko. Ina da babbar waya, ina da moto, wato babur, ina kuma da baki. Duk wanda aka ba takardar likita ko wasiƙa daga buro, wato ofishin hukuma, wurina yake kawowa in karanta masa, ni kuma in karanta ina ɗaga hanci kamar ni na ƙago Faransanci. Ina roƙo a sakaya sunana da na ƙauyenmu. A wani taron ƙara wa malamai sani da muka je Maradi ne wani abokin aiki ya sa mini manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka rubuta mata tambaya ta amsa maka nan take kamar mutum. Da ita nake shirya darasi, da ita nake rubuta wa sufeto wasiƙa. Kullum bayan an tashi yara sai in hau tudun bayan lakol inda rezon waya ke kamawa, in yi ta jero mata tambayoyi. Babanmu ya raɗa mata suna malamina na aljihu, ni kuwa har daɗin sunan nake ji.

Baba manomi ne, ba shi da wata sana'a bayan noma, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya irin geronsa ne. Kakansa ne ya zo da shi lokacin da suka ƙetaro daga kudu suka sari dajin nan. Gero ne mai doguwar zangarniya da ɗan gashi-gashi wanda tsuntsu ba ya son sauka a kansa, yana jure zama a rumbu, furarsa kuma tana da wani gardi da ban taɓa ji a ta kasuwa ba. Aibinsa ɗaya, yana daɗewa bai nuna ba, shi ya sa maƙwabta duk suka watsar da shi suka koma wa mai saurin nuna. Kowace kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar iri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya raba ta uku. Kaso ɗaya na shukar fari, ɗaya na gyara in shuka ta mutu, na ukun kuma ya ɗaure shi dami guda ya rataye can ƙololuwar rumbu. Wannan shi muke kira uwar iri a gidanmu. Ba a taɓa shi sai geron da ke gona ya fid da kai an ga alamar samu. Tun ina yaro na san wannan doka kamar yadda na san alƙibla.

Daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari ba ta yi kyau ba. Tun kafin bazara ta raba rumbunmu ya ƙare, muka koma auno tiya-tiya a kasuwa, ba abin da ya rage na geron gidan sai kason nan uku. Sai kuma ƙanin Baba ya tafi Najeriya da iyalinsa, ya bar mana gonarsa mu noma. Nan na ga dama ta samu. Na ƙudurta a raina bana zan nuna wa ƙauyen nan abin da ilimi yake yi, mu cika gona biyu tun da wuri, mu riga kowa girbi, a daina ce mini malamin alli wanda bai san ƙotar hauya ba. Ba yunwar gidan ce ta fi damuna ba, in faɗi gaskiya. So nake a yaba mini.

Da ruwan farko ya sauka, na hau tudu na rubuta wa manhajar komai da Faransanci. Ta ba ni amsa mai tsawo. Ta ce shukar wuri tana da amfani, gero kan samu ƙarfi kafin ciyawa ta taso masa. A ƙasan wannan kuma ta ce ita ba ta ganin sararin ƙauyenmu, ruwan farko a ƙasa irin tamu kan yi yaudara, kada a shuka sai laima ta nutsa sosai, a riƙe iri a hannu, a kuma ji ta bakin tsofaffin manoman wurin. Bayan la'asar na sami Baba a ƙofar zaure yana gyaran sungumi, na zauna na fassara masa rabin farko da murya mai ƙarfi don dattawan da ke wurin su ji. Rabin ƙarshen na tura shi sama da ɗan yatsa, na rufe waya. Baba ya ce ya je gona da hantsi ya tona da hannu, laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, gawon bakin gona bai gama zubar da ganye ba, wannan ruwan ƙwalele ne. Na yi dariya a gaban mutane, na ce abin da ya haɗiye littattafan duniya duka ake gaya masa, shi kuma yana kawo mana zancen gawo. Har yau in na tuna wannan dariyar sai in ji kamar in nutse. Washegari Baba ya sauko da kaso biyu ya miƙa mini, ya ce tunda gona ta zama biyu ga na fari ga na gyara, Allah ya sa malamina ya fi shi gani.

Muka shuka, kwana huɗu gero ya tsiro layi-layi gwanin sha'awa. Na ɗauki hotuna na aika wa abokai. Daga nan sama ta washe. Rana ta yi ta dukan ƙasa, ganyen ya naɗe, ya yi ja, iska mai yashi ta zo ta rufe abin da ya saura. Ana cikin haka aka aiko wa Baba da rasuwar wani amininsa a wajen Gidan Rumji, ya tafi ta'aziyya da niyyar sai an yi addu'ar uku. Ranar da ya tafi hadari ya haɗu da yamma aka yi yayyafi mai ɗan dama. Na sake hawa tudu, amma wannan karon ba tambaya na yi ba, neman mai goya mini baya na je yi. Na rubuta cewa ai ruwa ya dawo, ƙasa ta jiƙe sarai, ba gara a sake shuka yanzu ba da a yi asarar kwanaki? Ta amsa da ladabi cewa in dai ƙasa ta jiƙe kamar yadda na faɗa, tunanina yana kan hanya. Ta sake maimaita zancen ajiye iri. Ni da ban ko je gonar na tona ba.

Da sassafe na jingina tsani a rumbu. Inna ta fito da buta a hannu ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni ko na san abin da nake shirin saukowa da shi. Ta ce shekarar da aka yi yunwa har aka ci ganyen da ba a saba ci ba, tana goyon yayata, ta yi kuka a gindin rumbun nan, mai gidan bai sauko da damin nan ba. Ta ce in ji tsoron Allah in jira kwana biyu. Na ce mata kwana biyun nan su ne bambancin samu da rashi, in Baba ya dawo ya ga gona kore shar shi da kansa zai sa mini albarka. Na sa matata da matar wana suka sussuke shi. Kafin azahar mun binne shi duka, ban bar ko cikin tafi ba.

Laimar ta isa ta ta da ƙwayar, ba ta isa ta raya ta ba. Wanda ya tsiro rana ta ƙone shi, wanda bai tsiro ba ɓeraye da tsuntsaye suka tone. Sai da aka yi kusan mako uku ba ɗigo. Amma tun kafin nan Baba ya dawo. Ya ga tsani a inda ba a barinsa, ya hau da kansa da tsufansa ya leƙa, ya daɗe kansa na cikin rumbu. Da ya sauko bai yi faɗa ba, ni kuwa na so a ce ya mare ni. Ya kira ni zaure mu biyu, ya ce in buɗe wayar in karanta masa abin da malamina ya ce tun daga ranar farko, kuma kada in tsallake komai, domin ran nan ya lura bakina ya tsaya amma yatsana bai tsaya ba. Na karanta masa duka, har wurin da ta ce a ji ta bakin tsofaffi. Da na gama ya ce ashe baƙon ya san shi baƙo ne, ɗan gida ne ya manta. Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Da ruwan gaske ya zo muka shuka irin kasuwa kamar kowa, kuma Alhamdu lillahi mun samu abin da muka ci. Ba yunwa ce ta kama mu ba, iri ne ya tafi. Bayan girbi Baba ya bi gidajen duk waɗanda ya taɓa ba iri, domin shi a wurinsa ba a hana mai neman iri, amma kowa sai ya ce ya daɗe da barinsa. Wuri ɗaya ya rage, gidan da yayata ke aure a wani ƙauye kusa da Gangara. Shekarun baya Baba ya ba uban mijinta tiya biyu. Duk Bahaushe ya san nauyin da ke tsakanin surukai. Baba bai taɓa cin abinci a gidan ba, bai taɓa kwana ba, balle ya je da roƙo. Na ce ya bari in je a madadinsa, ya ce a'a, tare za mu. Na ɗauke shi a moto, hanya duk yashi, in ya ga rami sai ya taɓa kafaɗata. A zauren mutanen na ga ubana ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya ƙi hawa tabarma, ya sunkuyar da kai gaban mutumin da Baba ya girme shi da shekaru, yana kewaye-kewaye kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Bai ce ɗansa ne ya jawo ba. Cewa ya yi iri ya kuɓuce mana. Surukin mutumin kirki ne, shi ma kunya ta kama shi, ya tashi da sauri ya ɗauko dami guda. Sai dai ya gaya mana gaskiya, ya ce shekara da shekaru yana shuka shi gab da wasu gerukan, bai san ko ya tsaya yadda aka ba shi ba.

Daminar da ta biyo muka ware masa kusurwar gona can nesa da na mutane. Da ya nuna sai ga shi gauraye, wani dogo wani gajere, wani da gashi wani sumul. Idon Baba ya fara yana, ba ya gani sosai, don haka da hannu ya bi gonar yana shafa kowace zangarniya, ina biye da shi da kwando. Daga safe har rana ta take, guda tara kawai ya yarda ya yanka. Ya ce waɗannan sun yi kama da shi, kamar yadda jika kan ɗauko kakansa. Ya ce in aka yi ta zaɓe ba fashi, ana shuka shi shi kaɗai, wataƙila cikin damina bakwai ya dawo. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan zangarniya ɗaya, ya bi da yatsuna daga gindi har kai, ya nuna mini yadda ƙwayar ke matse da yadda gashin ke sukar fata. Ya sa na rufe ido na sake, har sau uku. Ya ce in riƙe da kyau, domin shi bai sa ran damina bakwai ba. A nan cikin karan gero na yi kukan da ban yi ba ranar zaure.

Ban jefar da wayar ba, Edita, kuma ba zan ce wa kowa ya jefar da tasa ba. Har gobe da manhajar nake shirya darasi, yanzu ma na ji ana yi mata magana da baki ta amsa, har wasu na ɗaukar hoton ganye su tambaye ta cutar da ke jikinsa. Ita ba ta ɓoye mini iyakarta ba. Ni na yanke maganarta biyu na miƙa wa ubana rabin da ya yi mini daɗi, na kuma koma na gaya mata abin da ban gani da idona ba don ta ce mini na yi daidai. Abin nan yana da saurin bin bakin mai tambaya, in ka je masa da son zuciya zai nannaɗe maka shi cikin kyakkyawan lafazi ya maido maka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda bai taɓa taka gonarku ba kuwa ba zai san zurfin laimarta ba sai abin da ka faɗa masa.

Jan kunnena ga 'yan'uwana 'yan boko ne, mu da muke karanta wa iyayenmu abin da ba su iya karantawa. Amana ce a hannunmu. In za ka karanta, karanta har ƙasa, har da wurin da bai yi maka daɗi ba. In kuma ka tarar da wata doka a gidanku wadda ba ka ga dalilinta ba, tambayi wanda ya kafa ta tun yana da rai, kafin ka jingina tsani. Zangarniyar nan tara Baba ya sa na raba su uku da hannuna, na hau na rataye kaso na ukun. Uwar irin gidanmu, wadda da sai ƙato ya yi nishi kafin ya sauko da ita, yau zangarniya uku ce ɗaure da igiyar kaba. Kowace safiya kafin in wuce lakol sai na leƙa na ƙirga su.