Ranar da Na Zauna a Kan Jirgin Malam

Shekara da shekaru maigidana yana gyaran firij a garin Bahri. Da ya ajiye aiki sai ya kwaso mini hayaniyar shagon zuwa gida. Jirgin sama yake haɗawa, irin ƙananan nan da ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, kayan aikinsa kuwa farin soson da ake sako sabon firij a ciki. Ya yanka, ya goge, ya manna da gam, ni kuma in share. Gidanmu na Omdurman ba girma gare shi ba, ɓarɓashin nan har cikin miya nake tsintarsa. Wata rana na nemi murfin kular ƙanƙarata na rasa, ashe ya zama fiffike.

Na gaji. Na kira babban ɗanmu da ke aiki a Saudiyya na ce, "Don Allah ka sayo wa babanka haɗaɗɗe mu huta."

Ya aiko da shi, ja jawur, sai sheƙi yake. Malam ya sa albarka, ya kai shi filin bayan gari ya tashe shi sau ɗaya. Da ya dawo na ce, "Malam, ya jirgin?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ba abin da yake nema a wajena."

Gida ya yi fes, amma mutumin nan ya zama wani daban. Ya daina zuwa kasuwar Suk al-Arabi neman waya da batir. Sai ya wuni kwance a angarib, gadon igiyarmu na tsakar gida, gahawa tana hucewa a gabansa. Komawa kan nasa jiragen kuma ya ƙi, wai kada yaro ya ji an raina kyautarsa. Wallahi tsoro ya kama ni, don a gabana zaman banza ya cinye mahaifina.

Wata la'asar ya goge wa jirgin ƙura, ya ajiye shi a kan angarib ya tafi alwala. Ni dai ba ƙaramar mace ba ce. Na duba hagu da dama, na yi bisimilla na zauna. Ji kake ƙwas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Ya fito da buta a hannu. Na ce, "Ayya Malam, ban gani ba." Jan jirgi fa, a kan farin zane.

Ya ɗaga fiffiken yana jujjuyawa, ya leƙa cikinsa, ya daɗe yana leƙawa. Can ya ce, "Ina gam ɗina?"

Na je bayan buhun dawa inda na ɓoye shi na ɗauko. Kafin magariba tsakar gidana ta koma fari fat da ɓarɓashi, har Malam yana ɗan yin fito da baki don nishaɗi. Ina cikin shara ya ce, ko kai bai ɗago ba, "Hajiya, in kin sake gajiya ki zauna ta wajen wutsiyar. Ita ma ba su yi ta daidai ba."