Bulon Bibata

Bibata matata ce. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, kuma tun da ta rasu nake so in rubuta abu ɗaya da ta yi, don jikokinta da tuwo kawai suka san ta.

A Zongo aka haife ta, nan Kwatano. Ni tela ne, ita kuma abinci take kai wa magina a wuraren gini. Shekara ashirin muna haya a ɗaki ɗaya, tana zubin adashi don mu samu namu gida. Ba ta taɓa kai kuɗin banki ba, a cikin kwalla take ajiye su.

Sai ƙarshen zamanin juyin juya hali ya zo. Albashi ya tsaya wata da watanni, masu ajiya a banki suka kasa fitar da kuɗinsu. Gini ya tsaya cak. Ko'ina ka bi sai bango rabi, ciyawa na fitowa a ciki.

Akwai wani magini, Dramane, da shi da abokansa biyu suka haɗa jari suna yi wa ma'aikata gidaje a unguwar Agla. Ɗayansu ya gaji, yana neman mai sayen kasonsa don ya tafi Legas. Abin da ya rage musu injin buga bulo ne da siminti jibge a rumfa, iskar teku na cin sa.

Wata rana Bibata ta dawo da tuwon da bai ƙare ba, ta ce, "Malam, zan sayi kason nan."

Na ce, "Da kuɗin gidan namu? Wa kika ga yana gini?"

"Babu. Amma wa ka ga ya daina haihuwa?"

Na bar ta ta saya. Dama ni ba mai dogon musu ba ne, amma kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba.

Da muka je rumfar, ta cusa hannu cikin buhu ta murza, yadda take gwada garin masara. Ta ce wa Dramane simintin ya fara dunƙulewa, wata biyu nan gaba dutse ne.

Dramane ya ce, "Yaya, to jira za mu yi mai saye ya zo."

"Ni idan garina ya sha sanyi ba na jiran mai saye, tuƙa shi nake. A buga shi bulo, duka."

Aka sayo yashi, aka buga. Kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta tafi Agla, ta ja ruwan rijiya ta shayar da bulon. A Zongo aka samu abin dariya. Tidjani mai nama kan ɗaga murya, da irin kiran da ake wa juna a zamanin juyin juya hali, ya ce, "Kamarad Bibata, yaya lambu? Ya fara 'ya'ya?"

Ita kuma ta ce, "Saura kaɗan. Ka tanadi haƙora."

Damina biyu suka wuce a kansa. Na sayar da keken ɗinkina ɗaya muka ci, ban ce mata komai ba.

Da albashi ya dawo, kowa ya tashi zai ƙarasa bangonsa lokaci ɗaya. Waɗanda suka ɓoye siminti suka buɗe suka tarar da dutse. Bulo busasshe kuwa, wanda ya sha ruwa ya ƙoshi, sai wurin su Dramane. Har Tidjani ya zo, hula a hannu, yana cewa "Yaya Bibata". Ta sayar masa, ta kuma tambaye shi haƙoran.

Daga kasonta aka yi mana ɗaki biyu da zaure a Agla, da ragowar wannan bulon. A ciki nake zaune. Bara na so in rataye hotonta a bango, ƙusa uku na lanƙwasa. Sai na jingine shi a kan tebur.