Gammo da Keke Mai Ƙafa Ɗaya

Tun da 'yata ta cika shekara biyu ba ta fara tafiya ba, ƙafafunta suka zama abin da nake kwana da shi, nake tashi da shi. Sa'anninta suna bin kaji a tsakar gida, ita tana zaune kamar an ajiye tulu. Daga baya ta miƙe, alhamdulillahi, amma sai faɗuwa ta zama mata sana'a. Ta faɗi a bakin rijiya, ta faɗi a hanyar islamiyya, ta faɗi inda babu ko tsinke. Har ta kai shekara bakwai gwiwoyinta ba su taɓa warkewa gaba ɗaya ba.

Ga shi kuma 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kuma nuna ta damu da ita a gaban mutane. In ta faɗi a gaban baƙi, sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. In babu kowa kuwa, bakina ba ya hutawa. "Ke, za ki faɗi! Ke, kalli ƙasa!"

Bara, bayan an gama roron wake, maigidana ya kai nasa Dawanau. Da la'asar ya dawo saɓe da wani abu a kafaɗa. Taya guda, feda biyu, sirdi a sama. Shi ke nan.

Na ce, "Sannu da hanya. Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran keken. Ko a mota aka zare?"

Ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Ke dai ba ki san duniya ba. Haka aka ƙera shi, keke mai ƙafa ɗaya ke nan. Mai gwanjon ya ce a ƙasashen waje likitoci ne ke sa yara su hau, yana ƙarfafa ƙafa. Saboda yarinyar nan na ɗauko."

Na ce, "Wadda ƙafa biyu ba su ishe ta ba, ita za a bai wa ɗaya?"

Ya ce in kawo masa ruwa.

Washegari aka fitar da keken gindin darbejiyar ƙofar gida, inda maza ke zama. Ni ina daga zaure, goyo a baya, ina leƙe ta bayan ƙyaure. Ban taɓa sanin ƙauyenmu na da masana keke haka ba. Mai facin garinmu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce an cuci maigidana, gaban keke aka sayar masa. Wani ya ce ai wannan baya ne, tun da ga feda. Aka rabu gida biyu, 'yan gaba da 'yan baya, har aka kira sallar azahar ba a daidaita ba. Wani dattijo ya ce shi ya ga irinsa a Legas da ƙuruciyarsa, kuma ba abin wahala ba ne. Aka ce to ya gwada. Ya ce yana da alwala.

Daga nan maigidana ya fara koyarwa, yadda aka koya masa yana yaro. Ya ɗora ta, ya riƙe sirdi, yana gudu a baya yana ba da umarni.

"Riƙe kan da kyau!"

"Baba, ba shi da kai."

"To taka birki!"

"Baba, ina birkin?"

"Kalli fedarki mana! Kalli ƙafarki!"

Ta kalla, ta faɗi. Maza goma sha suka ce "Kalli ƙafarki!" a tare, ta sake kallo, ta sake faɗuwa. Ni kuwa ina bayan ƙyaure ina cizon mayafi, ba damar fita, kada a ce matar nan ba ta da kunya, ga ta tana rawar jiki a kan 'yar fari.

A rana ta uku maigidana ya ce matsalar ba ta ga misali ba ne. Ya naɗe riga, ya tura hula ƙeya, ya sa mutum biyu suka riƙe shi, ya hau. Ya ce, "Ku sake ni." Suka sake shi. Keken ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya sauka a cikin kwamin da awaki ke shan ruwa. Mai ɗori ya ce targaɗe ne mai nauyi, ya ja, ya ɗaure. Maigidana ya ce laifin rairayin garinmu ne, a ƙasashen waje ƙasa ba ta da santsi haka.

Ya koma zaman zaure da sanda, ƙafa a miƙe, yana kallon wani bidiyo a waya, na wata yarinya da ke hawa irin keken. Maza suna zuwa dubiya suna taya shi kallo, kowa idonsa a kan ƙafafunta. Wata rana na kawo masa tuwo na leƙa ta kafaɗarsa. Ni ba ƙafa na gani ba, wuya na gani. Baya a miƙe, wuya ba ya motsi, ido can nesa. Na ce a raina, wannan ai daga rijiya take, tulun ne kawai ba a ɗora mata ba.

Sai wani abu ya faɗo min, har na tsaya da kwano a hannu. 'Yata, sarauniyar faɗuwa, ba ta taɓa faɗuwa da kaya a kai ba. Ko sau ɗaya. Ta ɗauko ruwa, ta kai niƙa, ta kai abinci gona. In akwai gammo a kanta ba ta kallon ƙasa, ni ma ba na yi mata ihu, don kada ta firgita ta zubar.

Na san in ban sa hannu ba, da ƙafarsa ta warke za a koma gindin darbejiya, kuma wannan karon ita za a kai wa mai ɗori. Saboda haka kullum da hantsi na riƙa jan keken bayan rumbu, inda akwai ɗan lungu tsakaninsa da katanga. Ta dafa katanga ta hau. Na naɗa mata gammo da tsohon ɗankwali, na ɗora ƙaramar ƙwarya da ruwa kaɗan.

Na ce, "Ba ruwana da kekenku. Ruwana kawai, kada ki zubar min."

Ta zubar. Ta yi ta zubarwa, har bayan rumbu ya yi taɓo, agwagin maƙwabta suka tare a can. Abin da ya fi min wuya shi ne yin shiru. Kalmar "za ki faɗi" tana zuwa har bakina, in danne ta da mayafi. Ranar da ta saki katanga ta yi taku huɗu, na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ce mata ta yi shara.

A sati na uku na kira Inna, mahaifiyata, can wajen Kunci. Na daɗe ina ɓoye mata. Sabis ɗinmu kuwa sai an hau turmi ake samu, shi ma yana zuwa yana tafiya. Na ce mata babanta ya sayo wa waccan yarinyar keke mai ƙafa ɗaya, an yi ta faɗuwa, har an kira mai ɗori. Abin da ya isa kunnen Inna shi ne: yarinya, faɗuwa, mai ɗori, ƙafa ɗaya, an sayo keke. Wayar ta yanke.

Washegari kafin azahar na ji salati daga bakin hanya. Inna ce, mota biyu da acaɓa ta hawo, ga kaza a hammata, ga ƙwaryar man shanu. Mata suka biyo ta, mazan darbejiya suka biyo bayan matan, gida ya cika. Maigidana ya taso da sanda yana tsalle da ƙafa guda zai gaishe ta.

Inna ta dafe ƙirji. Ta ce, "Innalillahi! Har da kai? Ina ƙawar tawa? Ina keken guragun?"

Ban san ta inda zan fara ba. Sai kawai na ɗaga murya wajen rumbu na ce, "Ke, kawo wa Inna ruwa."

Ta fito. A kan taya guda, gammo a kai, ƙwarya a bisa, hannuwa a buɗe, ido a kan kakarta. Tsakar gidanmu ba ta fi taku goma sha biyar ba, amma a ranar ta yi min nisan Kano. Na ga Inna ta buɗe baki. Na ga maigidana ya buɗe baki. A gaban surukai da maƙwabta na damƙe hannun mahaifiyata na ce, "Don Allah kowa ya yi shiru, 'yata ce!" Kunyar shekara bakwai ta tafi a numfashi ɗaya.

Ta iso, ta diro da ƙafa biyu, ta durƙusa. Rabin ruwan ya tafi a hanya, Inna ta shanye sauran, ta ce, "Ja'ira, don wannan na baro kajina?"

Maigidana ya gyara tsayuwa a kan sanda ya ce, "Kun gani? Sati uku ina koya mata daga zaure." Mai faci ya ce shi dama ya faɗa, keken lafiyarsa ƙalau. Dattijon Legas ya ce haka ake yi a can, da ƙwarya. Mata kuwa har yau ana ba da labarin rashin kunyata a gidan suna. Kazar dai maigidana ya ci, tun da shi ne mai ƙafa ɗaya.

Har yanzu tana faɗuwa wani lokaci, kuma har yanzu gabana yana faɗuwa kafin ita. Yanzu ta fara fita da shi hanyar gona, ta gefen titin Zakirai. In Allah ya sa ka biyo ta nan, ka ga yarinya a kan taya guda da gammo a kai, don Allah kada ka danna mata oda, kada ka ce mata za ta faɗi, kada ka ce ta kalli ƙasa. Rage gudu, ka ba ta hanya, ka wuce shiru.