Kwalin da Ban Buɗe Ba

Da aka raba gadon mahaifinmu, wanda muke ce wa Baffa, abin da ya faɗo a rabona karsana ce guda, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Ban ɗauke ta ba. Na bar ta a garken babban wanmu, wanda muke kira Hamma, can bayan Bukuru, domin ni tun ina saurayi na bar kiwo na shigo garin Jos. Sana'ata sayar da kayan wasan yara na gwanjo a kan tebur a Tina Junction: motocin roba, ƙwallo, 'yartsana, bindigar ruwa.

Kayan ina saro su ne a wurin wani ɗan kasuwa Ibo mai shago a Kabong. Mun daɗe muna hulɗa, ina ce masa Oga, yana ce min Malam, ko da yake a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. A cikin dilolin da ake kawo masa akan samu ƙananan bulo na roba masu launi iri-iri, waɗanda ake maƙala wani a kan wani a gina gida ko mota. Ni da gwangwani nake auna su in sayar, kamar gyaɗa. Jefi-jefi kuma sai a ci karo da sabon saiti a kwalinsa, da salatif ɗin kamfani a jiki, babu wanda ya taɓa shi.

Wata rana Oga ya ware irin waɗannan kwalaye uku, ƙanana, ya kira ni gefe.

"Malam, wannan kaya, kamfani yana yi shekara biyu, uku, ya daina. In ya daina, masu so su fara nema. Manya fa, ba yara ba. Kuɗi ya hau."

Na ce, "To kai me ya hana ka ajiye, in abin arziki ne?"

"Ni kuɗina ba ya barci. Kaya ya zo yau, ya tafi gobe. Ku ne kuna iya jiran saniya shekara huɗu, ba ku gaji ba."

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ya faɗa. Na sayi kwalayen uku na kai gida.

Mahaifinmu ya koya mana abu guda a ciniki: kada ka sayar wa mutum abin da idonka bai gani ba. In buhun masara ne, a soka masa ƙarfe a ga ƙwayar. In akuya ce, a duba bakinta. Saboda haka ina isa gida na ɗauki reza na yanka salatif ɗin kwalayen duka uku, na zazzage ledojin da ke ciki a kan tabarma. Kowane saiti yana zuwa da ɗan littafi wanda babu rubutu a cikinsa, sai hotuna da lambobi. A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda muke yi bayan la'asar a wata firamare, kuma lambobi ne abin da na fara riƙewa. Na bi littafin shafi bayan shafi. Na gina motar kashe gobara, na gina tarakta, na gina wani ɗan gida mai jan rufi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba. Na warware su na mayar cikin kwali, hankalina kwance.

Bayan kusan shekara biyu, Oga ya haɗa ni da wata likita da ke aiki a Abuja, wadda takan zo Jos wurin iyayenta, kuma tana tara irin waɗannan kaya. A shagon Oga muka haɗu. Ta juya kwalin farko, ta tsaya.

"Malam, wa ya buɗe wannan?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, Likita. Na duba miki komai, na ƙirga, har ginawa na yi. Babu abin da ya ɓace."

Oga ya ɗora hannu biyu a ka. Likitar ta yi ta ƙoƙarin danne dariya. Ta yi min bayani a hankali cewa masu tarawa rufaffen suke biya da tsada, wanda aka buɗe kuwa da ƙyar ya kai rabin kuɗin.

Oga ya ce, "Malam! Wa ya aike ka?"

"Ai ba ka ce kar in buɗe ba."

"Ni ban san akwai mutum da zai buɗe ba!"

"Ni kuma ban san akwai mai sayen abin da bai gani ba."

Ta saye su a haka. Abin da ya tsaya min a rai a hanyar komawa gida shi ne, duk da ɓarnar da na yi da hannuna, uwar kuɗina ta dawo har da ɗan abin cefane. Na ce a raina, to da ban sa reza ba fa?

Ba a rufa wata shida ba sai ga babban kwali ya zo wa Oga. Hoton jirgin ruwa ne a jiki, irin na da mai filafilan yadi, kwalin ya kai faɗin ƙaramin tebur, kusurwoyinsa huɗu lafiya lau. Kuɗinsa ya fi ƙarfin teburina. Na yi kwana uku ina juya abin a raina, a na huɗu na hau motar Bukuru na ce wa Hamma zan sayar da karsanata.

Ya zaci rashin lafiya ce ko wani rikici. Da na gaya masa dalili, sai ya dube ni ya ce, "Saniyar Baffa za ka ba da ka karɓi kayan wasan yara? Kai da furfura a gemu?"

Na ce, "Hamma, kiwo zan yi. Wannan dai ba ya cin ciyawa ne kawai. Ka ba ni shekara huɗu, zan mayar da karsana garken nan."

"In ba ka mayar ba fa?"

"Zan mayar."

Bai hana ni ba, tunda rabona ne. Amma bai raka ni Kara ba, wato kasuwar shanu, ni kaɗai na ja ta.

Kiwon kwali ma yana da nasa aikin. Abokan gabansa uku ne: danshi, gara da rana. Daminar Jos ba ta wasa, kuma rufinmu yana ɗiga a kusurwa ɗaya. Maiɗakina ta sauke kwanukanta daga kan sif ta ba ni wurin, ba don ta yarda da abin ba, sai don ta ga na ƙudura. Na samo siririn falanki na shimfiɗa a ƙarƙashin kwalin don kada gindinsa ya lanƙwashe, na sa su tare cikin babbar leda, na naɗe da tsohon zanenta. Duk ranar Juma'a bayan na dawo masallaci nakan hau kujera in shafa, in duba ko gara ta yi hanya a bango. Baƙi in sun tambaya, maiɗakina takan ce, "Saniyar maigida ce, tana hutawa."

A cikin shekarun nan karatuna ya yi gaba. Na sayi waya mai shafawa, na koyi rubuta lambar saitin da kaina in ga abin da masu tarawa suke cewa. Da na ga alamar kamfani ya daina yin jirgin, na kai wa malamarmu ta aji ta karanta min don in tabbatar. A shekara ta uku wani ya yi min tayi mai ɗan kyau, na ƙi. Wanda ya yi kiwo ya san ba a sayar da dabba tana tsakiyar girma.

A shekara ta huɗu likitar nan ta aiko ta hannun Oga cewa tana son jirgin, za ta zo ranar Asabar. Farashin da ta ambata ya wuce na karsana. Na aika wa Hamma labari, ina zaton zai yi murna. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, da sandarsa a kafaɗa.

Ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba ya ce, "Sauko min da abin nan."

Na sauko da shi, yana naɗe a zanensa. Ya zaro 'yar wuƙarsa daga kube ya ajiye a kan tabarma.

"Makon jiya wani dillali a Kara ya sayi talabijin a tasha, sabuwa fil a kwali, da salatif da komai. Ya je gida ya tara iyali, ya buɗe, tayil ɗin daɓe ne a ciki. Kai ka taɓa ganin cikin wannan?"

"Ban taɓa ba."

"Shekara huɗu kana gadin abin da ba ka gani ba, yanzu kuma za ka sayar wa 'yar mutane. In ta je ta tarar da tsakuwa fa? Ba sunanka kaɗai za a kira ba, sunan gidanmu ne. Baffa bai taɓa sayar da abu a rufe ba. Buɗe shi a gabana, in lafiya ne ka sayar, in ba lafiya ba mu rufa wa kanmu asiri."

Ban ji haushinsa ba, domin ba kuɗin ne ya dame shi ba. Amma na san in wuƙar nan ta taɓa salatif ɗin, rabin karsana ya tafi.

Na ce, "Hamma, in za ka sayi saniya, yanka ta kake yi ka ga naman?"

"Saniya ina ganinta da ido, ina taɓa ta."

"To wannan ma akwai hanyar taɓa shi. Masu tarawa sun rubuta nauyin kowane saiti a rufe. Mu kai shi sikeli. In nauyi bai yi daidai ba, ni da hannuna zan miƙa maka wuƙar."

Ya yi ɗan tunani ya ce, "Sikelin wa?"

"Wanda ka yarda da shi."

Akwai wani dattijo a Bukuru mai sayen kuza a wurin masu wanke ta a tsofaffin ramukan haƙa. Masallacinsu ɗaya da Hamma, kuma Hamma yakan ce sikelinsa ba ya ƙarya ko da ƙwayar gero. Kafin mu fita na duba waya, na rubuta nauyin a takarda da hannuna, na ninke na ba Hamma ya sa a aljihu, don kada daga baya a ce na gyara. A mota na biya kuɗin kujera biyu, kwalin ya zauna a ɗaya. Kwandasta ya ce, "Maigida, amarya ce?" Hamma ya ce, "Ta fi amarya, ba a buɗe mata fuska."

Dattijon ya share bayan sikelinsa, muka ɗora ƙunshin. Lambobi suka yi rawa suka tsaya. Hamma ya miƙa masa takardar, ya karanta, ya sake duban sikelin, ya girgiza kai.

"Ya fi abin da ke takarda nauyi. Ba kaɗan ba kuwa."

Hamma ya kai hannu ga kube. Masu kawo kuza biyu suka ajiye buhunansu suka matso. Na san abin da ya fi nauyi shi ne ake zargi da dutse. Na tsaya ina kallon ƙunshin, sai idona ya sauka a kan zanen maiɗakina.

Na ce, "Hamma, dakata. Ai da rigarta muka auna ta."

Na kwance zanen, na zare ledar, na janye falankin da na manta da shi shekara huɗu a ƙarƙashi. Na mayar da kwalin tsirara a kan sikeli. Dattijon ya sunkuya, ya duba takarda, ya duba sikeli.

"Yanzu kam sun haɗu. Ɗan abin da ya rage bai kai nauyin goro ba."

Hamma ya ɗauki kwalin da hannu biyu. Ya kai shi kusa da kunne, ya karkata shi hagu a hankali, ya karkata dama, yana sauraron yadda ledoji ke zamewa a ciki da ƙarar ƙananan roba. Haka yake kwantar da kai a jikin saniya in yana son sanin ko ta ɗauki ciki. Ya bi salatif ɗin da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Sannan ya miƙo min.

"Tsakuwa ba ta kuka haka. Naɗe abinka kada ya sha iska."

Ranar Asabar Hamma ya ce sai ya biyo ni shagon Oga ya ga mai sayen da idonsa. Likitar ta duba kusurwoyi huɗu, ta haska salatif ɗin da fitilar waya, ta ce ba ta taɓa samun kwali mai tsabta haka a ƙasar nan ba. Na gaya mata ban ga cikinsa ba, amma na auna, na nuna mata takardar. Ta ce ta sani, haka take so. Ta tura kuɗin nan take.

Hamma ya ce, "'Yata, yau ɗin nan za ki buɗe, ko sai kin koma Abuja?"

"Baba, ai ba zan buɗe ba. Ajiyewa zan yi."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi Oga. Oga ya ce, "Alhaji, kar ka duba ni, ni ma ban gane ba. Sayarwa kawai nake yi."

Ranar kasuwa ta gaba Hamma ne a gaba, ni a baya, muka shiga Kara. Shi ya zaɓa. Ya wuce karsana huɗu bai ko tsaya ba, ya tsaya a kan wata ja mai gajeren ƙaho. Ya zagaya ta, ya shafa ƙugunta, ya ɗaga wutsiyarta. Da ya kai hannu ga bakinta sai ya dakata, ya waiwayo.

"Wannan dai ka yarda in buɗe? Ko ita ma kuɗinta zai ragu?"

Na ce, "Buɗe, Hamma."

Ya buɗe, ya duba haƙora, ya ce a yi ciniki. Da yamma muka kora ta garke, ta shiga cikin shanunsa. Abin da ya saura a hannuna na kai wa Oga, na karɓi kwalaye biyu matsakaita. Suna kan sif yanzu, kuma maiɗakina ta ce in dai haka kiwon yake, kwanukanta za su iya ci gaba da zama a ƙasa.