Man Keziya da Ƙafar Malam Mordecai

Duk wanda ya taɓa sayen man shafawa a wurin Keziya, a layin masu kayan kwalliya na kasuwar Sabon Gari, ya san dokarta. Ba ta sayar wa baƙo mai a ranar da ya fara zuwa. Sai ta lakato kaɗan, ta shafa masa a cikin gwiwar hannu, ta ce, "Je ka, gobe ka dawo in gani." Ɗaliban jami'ar da ke Samaru, sarakan gaggawa, sun sha yi mata tsaki su wuce gaba. Ko a jikinta.

Sirrin manta lanolin ne, maiƙon da ake wankowa daga gashin tumaki, a tace shi, a sarrafa shi har ya bar danƙo da ƙarni. Uzoma, wani ɗan kasuwa a unguwar PZ, ke kawo mata daga Legas. Takan haɗa shi da man kaɗanya, kuma tsakani da Allah yana aiki: kaushi, faso, bushewar leɓe, duk yana kwantar da su. Sai dai matar da ta koya mata sana'ar ta ja mata kunne cewa cikin mutane masu yawa akan sami ɗaya da jikinsa ba ya shiri da shi. Saboda wannan ɗayan take wahalar da sauran.

Mijinta, Malam Mordecai, tsohon malamin firamare ne da ciwon suga ya zaunar. Da gyambo ya fito masa a ƙauri, Keziya ta ɗauki jinyar a kanta. Kullum da safe bayan addu'a takan ɗora ƙafar a cinyarta, ta wanke, ta shafe kewayen ciwon da man da ta fi ji da shi. Ba ta gwada masa a hannu ba. Don me? Mutumin da ya tsufa yana cin tuwo daga hannun da ke dama man nan?

Fatar ta kumbura, ta fara tsattsafo da ruwa. Malam ba mai ƙorafi ba ne, sai dai ya cije leɓe. Ita kuwa da ta ga ciwo na yaɗuwa, sai ta ƙara mai. Har likita ya fara ambaton yanke ƙafa. Tsoro ya kama Keziya irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Aka tura su wurin likitar fata. Ta manna wa Malam 'yan filastoci a gadon baya, kowanne da abin da aka ɗiga masa, ta ce su dawo. Da aka ɓare, wuri ɗaya ne ya tashi, wanda aka ɗiga wa lanolin.

"Mama, me kike shafa masa?"

Keziya ta faɗa mata.

"Man ba guba ba ne," in ji likitar. "A lafiyayyar fata da wuya ya yi illa. Amma fatar da ke kusa da gyambo a buɗe take, nan jiki ya fi saurin ƙin sa. Ki daina."

Keziya ta ƙura wa tabon ido. Gwajinta ne, wanda take yi wa kowane baƙo a kasuwa kyauta. 

Ƙafar ta tsira daga baya, ko da yake yanzu Malam da sanda yake zuwa coci. Bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuwa ya fi mata ciwo. Abin da ba ta mantawa shi ne washegarin ganin likitar. Ta wanke hannu da sabulu har ya yi fari, ta buɗe basilin ɗin da aka ce ta koma shafa masa. Malam ya miƙo ƙafa kamar kullum. Ta kama hannunsa, ta naɗe masa riga, ta shafa kaɗan a cikin gwiwar hannun.

"Maman Japheth," ya kira ta da sunan ɗansu a hankali, "ni ma na zama baƙo ke nan?"

"Da na ɗauke ka baƙo tun farko, Malam, da ba mu zo nan ba."

Ta sauke ƙafar daga cinyarta, ta rufe gwangwanin.

"Gobe in gani," ta ce.