Labaran Direba da Kular Hajiya

Labaran ya sauka a Zuba, bakin Abuja, a shekarar da sojoji suka koma bariki, daga shi sai kaya kala biyu a leda. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim. Ya yi dakon lemo da kankana, ya yi karen mota a hanyar Kaduna, har ya iya tuƙi. Bayan shekara shida ya samu aikin direba wurin Alhaji Abdulƙadir, darakta a wata ma'aikatar tarayya. Abu biyu Labaran yake alfahari da su: bai taɓa ƙwarzane motar Oga ba, bai kuma taɓa kai maganar mota cikin gida ba. Haka direbobin ma'aikata suke horon juna, abin da ka gani a kujerar baya a nan ake barinsa.

Lokacin Abuja tana tafasa, kuɗi na shigowa, gine-gine na tsirowa ta ko'ina. Oga yana da waya uku, kuma babu wadda take shiru. Daga wannan taro sai wancan, har barci ya ƙaurace masa, ciwon kai ya zame masa abokin zama. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, damuwa ta yi masa yawa. Ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa tattaki na rabin awa kullum.

Matarsa, Hajiya Zuhra, ta ɗauki maganar da gaske. Tana idar da sallar asuba take shiga kicin da kanta. Yau acca da zogale, gobe wake da gasasshen kifi, ga gwanda, ga zoɓo babu sukari. Sai ta ƙulle ƙwayar man kifi da ta bitamin a 'yar takarda, ta miƙa wa Labaran tare da kular abincin, hannu da hannu.

Kwana huɗu Oga ya jure. A na biyar ya buɗe kula, ya leƙa, ya rufe.

"Labaran, kai ni Gudu."

A unguwar Gudu akwai rumfar wata Madam Alice, mai sakwara da miyar agushi da farfesun kayan ciki, man ja yana yawo a sama. Oga ya ci har ya yi gumi. Da ya dawo mota sai ya turo kular gaba.

"Taimake ni da wannan abincin asibitin. Zubar da abinci babu kyau. Haɗa da ƙwayoyin, gyatsar kifi suke sa ni."

Labaran mutumin ƙauye ne, bai iya mayar da abinci ba, balle na hannun ubangida. Ya cinye tas. Tattaki kuwa, Oga zai sa kambas, a kai shi bakin wani lambu, ya kwantar da kujera ya kunna sanyi ya ci gaba da amsa waya. Tunda Oga yana cikin motar, da ƙafa Labaran yake zuwa sayo masa balangu ya dawo.

Abin dariya, magani sai ya kama wanda ba a rubuta wa ba. Tumbin Labaran ya faɗa, fatarsa ta yi sheƙi, har abokan aikinsa suna tsokanarsa wai wane mai yake shafawa. Oga kuwa kullum ƙara cika kujera yake.

Kowace yamma Hajiya tana bakin ƙofa.

"Ya ci, Labaran?"

"Ya ci, Hajiya."

"Tattakin fa?"

"Ya yi."

Tun ƙaryar tana fita da sauƙi har ta fara maƙale masa a wuya. Ran da Hajiya ta ba shi turmin atamfa ya kai wa matarsa Fadima, wai don yadda yake kula mata da Alhaji, kasa kallon fuskarta ya yi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Washegari ya yi ta maza.

"Ranka ya daɗe, ko yau ɗaya a ci na gida?"

Oga ya yi dariya. "Kai direba ne ko dokta? Tuƙa mu je."

Shi ke nan ƙoƙarin da ya yi, sau ɗaya a wata goma sha ɗaya.

Wata Laraba da rana, ana fitowa daga taro, Oga ya yanke jiki ya faɗi. Labaran ne ya kai shi asibiti, yana tuƙi yana salati. Oga ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita.

Kwana biyu bayan nan Labaran ya tarar da Hajiya zaune a barandar asibiti, idonta ya yi jawur. Ya gaishe ta, bai ko rufe baki ba ta fara magana.

"Ni ce, Labaran. Ran Juma'a nakan ɗan ƙara masa gishiri da dunƙule, saboda tausayi. Likita ya hana, ni kuma na sa. Da hannuna na jawo masa wannan."

 Oga ba zai iya faɗa ba, ba wanda zai tona. In Labaran ya yi shiru aikinsa na nan, ita kuma za ta ɗauki laifin da ba nata ba har ƙarshen ranta. Ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata komai: rumfar Gudu, balangu, kambas ɗin da bai taɓa taka ƙasa da sunan tattaki ba, da ƙaryar kowace yamma.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Wato duk watannin nan kai nake dafa wa?"

"Ni ne, Hajiya. Ki yafe mini."

"Da ka faɗa mini ko sau ɗaya, da na san abin yi." Ta share ido da bakin mayafi. "To, Allah ya sa ya amfane ka."

Ya so ta zage shi, ko ta ɗaga murya mutane su taru. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannu kawai ta miƙo, ya sa mata makullin mota, ta tashi ta shiga wurin mijinta.